Sun Ce In Ba Su Kofaton Da Aka Rataya Wa Mijina

Gwaggo Juwairiyya, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah ta wuce, domin mutanen da zan ba ki labarinsu suna jiran amsata, ni kuwa na rasa wanda zan gaya wa damuwata ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji shida na tsaya, kuma da Larabci aka koya mana. Wannan Hausar a waya na koyi rubuta ta.

Mijina Salihu ya rasu wata bakwai ke nan. Ciwon ƙoda ne. Mun yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da Madani wajen wankin ƙoda har jiki ya ƙi, Allah ya karɓi abinsa wata Talata da hantsi, kansa a kan cinyata. Mai ban ruwa ne. Tun yana yaro a bakin tur'a yake, wato magudanar ruwan noma, yana buɗe wa hawashar mutane, gonakinsu ke nan, ruwa yana toshewa, ga tasa 'yar ƙarama da ya gada. Ƙauyenmu yana wajen Makwar, a nan Sudan. Ba zan faɗi sunan garin ba, ko da yake duk wanda ya taɓa zama a makarantarmu zai gane ni kafin ya kai rabi. Sunayen sauran mutane na canza, na mijina ne kawai na kasa canzawa.

Lokacin da yaƙi ya iso wajenmu mun gudu, muka yi kusan shekara a waje. Da muka dawo muka tarar da makarantar garin babu kwano, babu ƙofa, babu benci ko ɗaya. Ta 'yan mata ma gara kada a yi maganarta, shi ya sa aka haɗa yaran wuri guda. Yanzu a gindin bishiyar nim, wato darbejiya, suke zama a kan buhu. Autarmu Rayan tana aji biyar. Damina ɗaya ta riga ta wuce a kansu, da hadari ya haɗo sai a kore su gida.

To sai tsofaffin ɗaliban makarantar da ke Riyad da Jidda da Bur Sudan da Madani suka kafa lajna, wato kwamiti, suka buɗe gurub a Watsaf don a gyara ta. Shugaban lajnar Abdulƙadir ne, mai kantin magani a Riyad, ajinsu ɗaya da Salihu. Mai kula da gurub ɗin kuwa Ustaza Hanaa ce, malamar su Rayan, ita ta saka ni ciki. Da farko babu abin da ke shigowa. Ta ɗauki hoton azuzuwa a buɗe da yara a kan buhu ta saka, sai ki ga an jera mata “la haula” da “Allah ya kyauta”, shi ke nan. Daga baya ta canza dabara. Kowace Juma'a sai ta saka abu ɗaya na da, ta rubuta “Kun tuna?” a ƙarƙashinsa. Guntun ƙarfen layin dogo da ake bugawa in lokacin shiga ya yi. Randa mai moɗa ɗaya da yara ɗari ke sha da ita. Ful, dafaffen waken nan, da dakwar gyaɗa na Hajjar bakin ƙofa. Nan fa mutane suka farka. Wanda ya yi shekara ashirin bai leƙo garin ba ya aiko murya yana rera waƙar tabur, wadda ake yi da safe in an jeru a fili, yana yi yana kuka. Siminti ya fara zuwa, aka sa ƙofofi biyu. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar da aka saka na ful ni ma na yi hawaye, don mu ma Hajjar ta sha miƙo mana ta kan katanga.

Sai wata Juma'a, ban daɗe da fita takaba ba, aka zo kan kofato.

Ban sani ba ko an yi irinsa a wajenku, bari in bayyana. A zamanin su Salihu akwai wani nazir, wato shugaban makaranta, Ustaz Maliki, Allah ya gafarta masa. Ɗan garinmu ne, Bahaushe kamar kowa. Ya gaji da ganin yaranmu suna faɗuwa jarrabawa saboda Larabci, sai ya hana rutana a makaranta, wato Hausa. Ya samo kofaton mataccen jaki ya huda, ya zura masa igiya. Yaron da aka fara ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani, ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi abin yana wuyansa da shi zai tafi gida, washegari a tabur a kwantar da shi gaban kowa a yi masa bulala goma. Ranar Asabar nazir ya karɓa, a fara sabon zagaye. Yara suka koyi makirci. A mintsini mutum don ya ce “wayyo”, a tambaye shi jikin uwarsa da tattausar murya don ya manta ya amsa da Hausa. Iyaye kuwa suna ta sa wa nazir albarka.

Salihu ne abin ya fi daɗewa a wuyansa. Sai ya yi sati cur da shi. A aji huɗu, wata safiya bayan an gama yi masa bulala, ya tashi ya karkaɗe wando ya fita ta ƙofa da kofaton a wuya, bai sake komawa ba. Nazir ya aika a karɓo, ubansa ya dake shi, ya ƙi faɗin inda ya ɓoye shi. An gwada da guntun katako, yara ba su ji tsoronsa ba, abin ya mutu haka nan. Tun daga lokacin sunansa ya koma Salihu Kofato. Labarin da garin ya riƙe shi ne daƙiƙi ne, Larabci ya ƙi shiga kansa, har ya shaƙu da kofaton ya gudu da shi.

Na tashi na tarar ana kiransa haka, ni ma na kira shi haka. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, ni da ƙawayena muka ɓuya a bayan danga muna kukan jaki. Ya ji mu, Gwaggo. Shekara ashirin da uku muka yi tare, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Larabci kuwa yana yinsa a kasuwa kamar kowa, karatu ne bai samu ba. Ni nake karanta masa takardun asibiti da ɗan aji shidana.

Wata biyu kafin ya rasu, mun dawo daga Madani da la'asar, yana kwance a gadon igiya a inuwa, sai ya ce in jawo masa akwatin ƙarfensa. A can ƙasa, cikin tsumman tsohuwar jallabiyarsa, ga kofaton. Ya yi baƙi ƙirin, igiyar ta cinye, kuma har yau in ki kai hanci akwai ɗan warin mushe a cikinsa. Ashe har gudun da muka yi da shi ya tafi, a ƙasan buhun kayanmu, ranar da muka bar tukwane da katifu. Ya ce mini ba Larabci ne ya gagare shi ba. Duk yini yana jin yara suna Hausa a gefensa, ya san wanda zai kama in ya so. Sau ɗaya ya taɓa miƙa shi, a aji uku. Ya rataya wa wani ɗan tsurut maƙwabcinsu da ya ce masa “ara mini alƙalami”. Washegari da aka kira yaron a tabur, kafin bulala ta sauka ya saki fitsari a wando gaban makaranta duka, uwarsa tana leƙe ta kan katanga. Salihu ya ce tun ranar ya rantse ba zai ƙara cire abin daga wuyansa ya sa a na wani ba. Yara suka gane in kofato ya isa wajen Salihu kowa ya huta har Asabar, sai duk suka koma farautarsa. Na ce wane yaro ne? Ya ce Abdulƙadir. Na ce to in jefa ƙazamin abin nan a tur'a? Ya ce a'a, in mayar da shi akwati, muddin yana ciki ya san ba ya wuyan kowa.

Yanzu ki ji abin da aka yi a gurub. Wani ya tono tsohon hoton ajinsu, Salihu yana can gefe da abin a ƙirjinsa, aka zagaye shi da jan layi. Abdulƙadir ne ya fara aiko murya: “Ya jama'a, wa ya tuna Salihu Kofato? Allah ya jiƙan zol ɗin nan, wallai ya sha bulala fiye da jakin mai ruwa!” Sai dariya, irin wadda mutum ke yi har tari ya sarƙe shi. Muryoyi sun fi arba'in suka biyo baya. Wani injiniya ya ce har yau in ya ga jaki sai ya tuna da aminin nasa. Amini! Mutumin da ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Wani mai jikoki ya yi kukan jaki ya tura. Wani ya ba da labarin yadda ya zuba wa Salihu ƙasa a cikin riga don ya yi zagi da Hausa, yana faɗi yana alfahari. Kowa kuma sai ya rufe da “Allah ya jiƙansa”, kamar a tofa wa mutum yawu a fuska a goge masa da hannun riga. Na saurare su duka ina tsugune a gindin murhu. Tun ranar ban ƙara iya cin ful ba.

Ranar ce aka fi samun gudummawa tun da aka buɗe gurub ɗin, sai lajna ta ga hanya. Sun shirya abin da suka kira Ranar Komawa, kwana uku bayan Sallah, lokacin da na waje suke gida. Manya da tumbi da furfura za su sa kayan makaranta, a buga ƙarfe, a yi tabur, a ci ful a ƙasa. Wannan duk ban ga laifinsa ba. Amma babban abin ranar shi ne kofato. Duk wanda ya yi Hausa a rataya masa, maimakon bulala ya biya tara, tarar ta tafi sayen kwano. Za a ɗauka a bidiyo a aika wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Yara za su jeru su kalla, wai don su san tarihin makarantarsu. Bayan an gama a sa shi cikin gilashi a ofishin nazir, a rubuta sunan Salihu Kofato a ƙofar aji ɗaya. Sun ce karramawa ce.

Surukata Inna ce ta gaya musu kofaton yana wajena, ba da mugun nufi ba. Ustaza Hanaa ta zo har gida. Na ce mata jakuna kullum mutuwa suke yi, su je su yanko wani. Ta ce Abdulƙadir ya ce sai na asali, na Riyad shi suke son gani, wasu ma don shi suka yanki tikiti. Da ta ga fuskata sai ta ce to a juya wasan mana, a rataya wa wanda ya yi Larabci, tunda yanzu Hausar ce ta yi wa yara wuya. Na ce mata ko wane yare aka hana, a wuyan mutum dai za a rataya. Yarinyar kirki ce, ba a haife ta ba lokacin da aka yi abin, kuma ita ce ke tsaye da yara sittin a gindin bishiya. Da yamma wani ɗan lajna ya rubuta a gurub cewa kofato kayan makaranta ne tun asali, ya kamata magada su mayar da amana.

Amana! Ba wanda ya tuna cewa da muka dawo daga gudu, kafin a yi wata lajna, Salihu ya yi kwana uku yana kwashe fasassun tubala daga cikin azuzuwan nan da kumburarrun ƙafafu. Na ce ya zauna, ya ce Rayan za ta shiga ciki. Wannan babu wanda ya ɗauki hotonsa.

Inna ta kira ni ta ce, “Wanga ƙazamin abu mi za ki yi da shi, ɗiyata? Ba su abinsu. Salihu ya tahi, dariyarsu ba ta kai mishi, Rayan ce ruwa ka duka.” Ita ta haife shi, ban iya musa mata ba. Ban kuma gaya mata abin da ya gaya mini ba. Sai kuma shekaranjiya Rayan ta dawo ta ajiye buhunta, ta tambaye ni da Larabci me ya sa yara suka fara ce mata “bit Kofato”, wato 'yar Kofato. Ashe iyayensu suna kunna muryoyin a gida. Na ce mata wasa ne. Ta ce in wasa ne me ya sa idona ya yi ja.

Gwaggo, sau uku ina rubuta labarin fitsarin nan a gurub ina gogewa. Ina so 'ya'yan Abdulƙadir da ke Riyad su ji, a zagaye nasa hoton shi ma da jan layi. Ina ƙyamar mutanen nan, ina kuma ƙyamar kaina da na iya tunanin haka, alhali Salihu ya rufe maganar shekara arba'in. In na hana su kofaton, kwano bai samu ba, za a ce matar Salihu ce ta bar yara cikin ruwa, har da tata. In na ba su, ni da hannuna na fitar da shi daga akwatin. Ki gaya mini gaskiya, ko zafin rashi ne ya sa nake ganin ƙazanta a inda kowa ke ganin wasa?

Matar mai ban ruwa, daga wajen Makwar

*

Ɗiyata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Salihu, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, ban yi dariya ba.

Kada ki ba su. Idonki lafiya lau yake, abin da kika gani ƙazanta ce. Mai cewa kayan makaranta ne a tambaye shi asarar me makarantar ta yi da ɓatansa. Ba benci ba ne, ba allo ba, daga jikin mushe aka yanko shi. Mijinki ya sa shi a hannunki da hankalinsa, ya kuma faɗi inda yake so ya zauna. Amanar da ke cikin maganar ke nan, kuma a wuyanki take, ba ta lajna ba ce.

Amma kada ki haɗa kowa ki zubar. Ustaza Hanaa ba ta yi laifi ba da ta riƙa tambayar “Kun tuna?”. Mutumin da ke nesa ba kasafai hoton rusasshen bango ke motsa shi ba, sai ya ga kansa yana ƙarami a jikin bangon, kuma ƙofofi biyun da kika ambata ta wannan hanya suka zo. Masu dariyar ma ba duka mugaye ba ne. Namiji ɗan shekara hamsin ba zai aiko murya ya ce kullum da safe da tsoro yake zuwa makaranta ba, dariyar ta fi masa sauƙi. Ustaz Maliki so ya yi su ci jarrabawa, wasu sun ci, amma hakan bai wanke igiyar ba. Inna kuma ta yi gaskiya a kan abu ɗaya, ruwa zai zo. Inda na rabu da ita shi ne, kwanon makarantar ba a kan kofaton nan ya rataya ba. Masu tikiti Sallah suka zo yi, suka zo ganin iyayensu. Wanda zai fasa ba da kwano don an hana shi wasa da abin da aka azabtar da mamaci, dama ba mai bayarwa ba ne.

Ki kira Ustaza Hanaa gida, ki zaunar da Inna a wajen, ki ba su rabin labarin: cewa Salihu da gangan ya riƙe kofaton, yana jin masu yin Hausa ya ƙi kama su, ya sha bulalar ajinsa duka. Sunan yaron ki bar shi a cikinki. Inna tana da haƙƙin sanin irin ɗan da ta haifa, ta yi shekara arba'in tana jin ana ce masa daƙiƙi. Ita kuma Hanaa ita ke rubuta na Juma'a, ya kamata ta san abin da ta taɓo. Daga nan ki nemi babba ɗaya daga dangin mijinki, ko limamin garin, ya kai wa lajna amsarki sau ɗaya, don kada a mayar da shi rigimar bazawara da manya. Amsar gajera ce: ba za a fitar da kofato ba, a sauke hoton nan mai jan layi, in kuma ana son sa sunansa a ƙofar aji a sa Salihu da sunan ubansa, ko a bari. Babban nan ya kuma gaya wa nazir na yanzu kada a rataya wa kowa komai a gaban yara, don abin da suka ga iyayensu na yi suna tafi, shi za su yi wa junansu ranar Lahadi in sun koma makaranta. Kin ga alamarsa a kan Rayan tun ba a je ko'ina ba. In lajna ta nace ta yanko wani kofaton, kin fita, kunyar tasu ce.

Maganar Abdulƙadir kuwa, gogewar da kika yi sau uku ita ce daidai. Ranar da kika tura labarin nan kin rataya masa abin karo na biyu, wanda mijinki ya bar makaranta don kada a sake. In kina so, ki aika masa saƙo shi kaɗai, layi uku: Salihu ya gaya miki dalilin da ya sa ya daina miƙa kofaton, ba ki faɗa wa kowa suna ba, ba kuma za ki faɗa ba ko mene ne lajna ta yanke. Ki tabbata jumlar ƙarshen nan tana ciki, don kada ya ɗauka barazana ce. Mai yiwuwa bai taɓa sanin wani ya sha duka saboda shi ba. Zai iya yin fushi, zai iya yin shiru, zai iya zama wanda zai tsayar da wasan da bakinsa. Kada ki gina komai a kan amsarsa.

Rayan kuma kada ki ƙara ce mata wasa ne, ta riga ta gane ba wasa ba ne. Ki zaunar da ita ki ba ta labarin ubanta da Hausa, a hankali, inda ta kasa ki cika mata da Larabci. Yarinyar da ta san abin da ubanta ya yi ba za ta sunkuyar da kai don an kira ta da wannan suna ba. Ranar Komawa in zuciyarki ta yarda ki taya mata dafa ful, don a ga makarantar taki ce ke ma. In ba ta yarda ba ki zauna a gida, ki rufe gurub ɗin har hayaniya ta kwanta. Batun kukan jakin bayan danga ki daina dukan kanki da shi. Ya ji ku, ya kuma dawo har ya aure ki. Ki yi masa sadaka da abin da ya sawwaƙa, ki bar maganar.

Ga lajnonin makarantu da ke karanta filin nan, don na san ba ku kaɗai ke wannan dabara ba: ku yi ta tuna wa mutane ƙarfe da randa da ful, Allah ya ba ku kwano. Amma kafin ku tono wani abu, ku tambayi waɗanda suka tsaya a aji huɗu. Su ma tsofaffin ɗalibai ne, sun fi ku yawa, kuma su ne a garin ranar kwasar tubali.

Kin ce ba ki sani ba ko an yi irinsa a wajenmu. An yi. Namu ƙashin akuya ne, ni kuwa ina cikin masu saurin miƙawa, ban taɓa yin awa guda da shi ba, har alfahari nake yi. Akwai wata Ramatu da na fi rataya wa, don ba ta iya riƙe bakinta in an taka mata ƙafa. Da na gama wasiƙarki na sa ƙanwata ta bincika mini, aka ce tana raye, tana Rusairis wajen ɗanta, an kuma ba ni lambarta. Kwana biyu ke nan ina kallon lambar. Ke kin fi ni sauƙi, ɗiyata, naki aikin ƙin bayarwa ne kawai.

Allah ya ba ki ƙarfin faɗin a'a ba tare da ɗaga murya ba, ya sanyaya miki zuciya, ya raya Rayan da 'yan'uwanta, ya sa ruwan bana ya tarar da su a ƙarƙashin rufi.

Gwaggo Juwairiyya